Daga igiyar Nazare zuwa fadamar Kalgo: abin da bidiyon bai nuna maka ba

Na san ka taɓa cin karo da shi. Dare ya raba, kowa ya yi barci, kai kuma kana kwance kana ta murza waya don kada datar dare ta tafi a banza. Sai ga wani bidiyo: teku ta miƙe tsaye kamar bene mai hawa takwas, ga wani ɗan mutum kamar ƙuda a kan allo yana gangarowa daga ƙololuwarta, ruwan na biye da shi zai rufta masa. Daƙiƙa ashirin, an gama. Ya fito lafiya, ya ɗaga hannu, an sa kiɗa. Ka sake kallo, ka tura wa abokinka, ka rubuta masa, "Kai, Turawan nan ba su san darajar rai ba."

Ni ma haka na riƙa cewa. A Gwandu aka haife ni, garin da idan ka miƙe tsaye zuwa teku sai ka ci sama da kilomita 600 kafin ka ji ƙanshin ruwan gishiri. Wasan hawan igiyar ruwa ba namu ba ne, a waya kawai muke ganinsa. Amma akwai abin da ya same ni a fadamar Kalgo damina biyu da suka wuce, wanda ya sa na zauna na bi diddigin wasan nan. Da na gama sai na tarar mutumin cikin bidiyon ya fi ni sanin darajar rai nesa ba kusa ba. Bari mu fara da tekun, sannan mu dawo gida.

Masu wannan wasa sun kasa wuraren da igiya ke fashewa gida uku, gwargwadon abin da ke ƙarƙashin ruwan. Akwai inda take fashewa a kan duwatsu, akwai inda take kewaya wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku, sai kuma inda ƙasan rairayi ne zalla. Da jin rairayi za ka ce ai wannan shi ne mai sauƙi, ko ka faɗi ba ka jin ciwo. Gaskiya ne a irin wannan gaɓa ake koya wa sabon shiga, idan igiyar ƙarama ce. Amma idan ta yi ƙarfi, gaɓar rairayi tana cikin mafi mugunta, kuma dalilin shi ne rairayi ba ya zama wuri ɗaya.

Ga yadda abin yake. Igiya tana tasowa ne daga iskar da ta kaɗa can tsakiyar teku, wani lokaci dubban kilomitoci daga gaɓa. Tana tafe salin-alin har sai ta iso inda ruwa ya rage zurfi. Nan sai gudunta ya ragu, ruwan ya taru ya yi tsiri, saman ya riga ƙasan, ta kife gaba. Dutse idan yana nan yau, yana nan baɗi, don haka mai hawa zai iya haddace wurin. Tudun rairayin ƙarƙashin ruwa kuwa guguwar dare ɗaya tana iya kwashe shi ta kai wani wuri. Inda igiya ta fashe jiya ba nan za ta fashe yau ba. Idan kuma tudun ya yi tsaye sosai, sai igiyar ta tashi gaba ɗaya ta dunƙule kamar bututu, ta doku a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ka tuna fa, ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne. Rairayin da aka maka ka a kansa da irin wannan nauyi bai da bambanci da daɓen siminti. Shi ya sa gaɓar Zikatela a Meziko, da Hosego a Faransa, da Sufatubos a Fotugal suka yi suna wajen karya alluna da ƙasusuwa, kuma duk inda aka yi bayaninsu sai an ce na ƙwararru ne kawai.

Bidiyon da ka gani, da wuya idan ba a Nazare aka ɗauke shi ba, wani garin masunta a Fotugal. Can ma ƙasan rairayi ne, sai dai akwai wani makeken kwari a ƙarƙashin teku, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 5,000, bakinsa ya zo dab da gaɓa. Shi ke tattaro ƙarfin ruwan ya turo shi wuri guda. A nan ne wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 ranar 29 ga Oktoba 2020, har ta shiga kundin bajinta na Guinness.

To ga abin da aka yanke daga bidiyon. Mutumin ba shi kaɗai ba ne. Babur ɗin ruwa ne ya ja shi ya ɗora shi a kan igiyar, direban kuma yana nan yana jiran ya tsamo shi kafin ta baya ta iso. Akwai wani a kan tsauni riƙe da rediyon oba-oba yana faɗa wa direban inda mutumin ya ɓullo. A jikinsa akwai rigar da ke cika da iska idan ya ja igiyarta. Kafin ranar, ya shafe shekaru yana koyon riƙe numfashi a lokacin da jikinsa ya gaji. Da duk wannan shiri, ruwa ba sa'an kwando ba ne. A 2013 Maya Gabeira 'yar Birazil ta faɗi a Nazare, ta karye a ƙafa, aka fito da ita a sume sai da aka yi ta danna mata ƙirji kafin ta farfaɗo. Ta warke, ta koma, a Fabrairun 2020 ta hau igiya mai mita 22.4. Ɗan ƙasarsu Marcio Freire, wanda ya yi shekaru a harkar, shi bai tsira ba. A nan ya rasu a Janairun 2023.

A aji an koya mana cewa kyamara ba ta ƙarya, amma mai riƙe da ita shi ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai bari a waje. Ban fahimci wannan darasi sosai ba sai da ruwa ya koya mini.

Ranar da na yi wa gulbi kallon kududdufi

Iyona na kududdufi ne. Duk wanda ya tashi a garin tudu ya san irinsa: ramin da aka haƙi ƙasar gini, damina ta cika shi, yara su faki idon manya su faɗa. A nan na koyi buga ƙafa, kuma a cikin abokaina ni ne gwani. A ƙasar makafi, ka san sauran.

Da hutu ya zo sai na tafi wurin kawuna, a wani ƙauye cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo, bakin fadamar gulbin nan da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya gangara Bunza. Watan Agusta ne, ruwa ya cika ya shiga gonakin shinkafa, kalarsa kamar shayi da madara. A lokacin ana tashen bidiyon samari suna tsalle cikin ruwa daga kan gada ko gaɓa, ni kuma mabiyana ba su taka kara sun karya ba. Na miƙa wa ɗan kawuna waya, na ce ya ɗauka. Ya ce mini a'a, nan wurin ba a shiga. Na duba, na ga gefe guda ruwan yana ta ɓalɓalniya yana kumfa, gefe guda kuma ya kwanta luf kamar an goge shi da dutsen guga. Na yi masa dariya, na nuna masa inda ya kwanta, na ce nan zan faɗa.

Tsallen kam ya yi kyau. Da na ɗago kai sai na ga bishiyar da na bari a gabana ta koma bayana. Na juya na fara iyo zuwa inda na fito, ina bugawa da iya ƙarfina, gaɓar kuma tana ƙara nisa. Wallahi ban yi minti biyu ba hannuwana suka zama kamar an ɗaura musu buhun siminti. Na buɗe baki zan yi ihu, ruwa ya shiga.

Wani dattijo masunci ne ya cece ni. Abin da har yau nake tunawa shi ne bai nufo ni ba. Ina ganinsa ya juya kwale-kwalensa ya yi ƙasa, har na ɗauka bai gan ni ba. Ashe ya san inda ruwan zai kai ni, can ya je ya tsaya. Da na iso sai ya miƙo mini sandar tuƙi, bai miƙo hannu ba, ya ce in riƙe, kada in kama bakin jirgin. Bayan na gama amayar da ruwa a kan gaɓa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗan wane gari ne kai?" Na ce, "Gwandu, Baba." Ya gyaɗa kai kawai, kamar amsar ta wadatar.

Sannan ya nuna mini ruwan da sandarsa. Inda yake ɓalɓalniya, in ji shi, tudun rairayi ne a ƙasa, da can na faɗa da ƙafata ta taɓa ƙasa. Inda ya kwanta luf kuwa nan ne hanyar ruwan, nan ya fi zurfi, nan ya fi gudu. Ya ƙara da cewa makon da ya wuce hanyar ba nan take ba.

Watanni bayan haka ina karatu a kan gaɓar rairayi sai na ci karo da maganar dattijon nan, kusan kalma da kalma, a bakin masu ceto na teku. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma. Sai ya nemi gibi tsakanin tudun rairayi biyu, ya bi ta nan da gudu ya koma teku. Gudunsa yana iya kai mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya, wato ya fi gudun zakaran iyo na Olamfik. Kuma da yake wurin ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a nan. Baƙo idan ya zo sai ya ga ko'ina kumfa, ga wani ɗan wuri shiru, sai ya ce nan ne lafiya. Nan ne kuwa ke ɗauke mutane. Shawarar masu ceto ita ce kada ka yi kokawa da shi, ka kwanta a kan ruwan, ka bi gefe har ka fita daga hanyarsa. Ƙwararrun masu hawa ma da gangan suke shiga wannan hanya, ta kai su ciki ba tare da sun gaji ba. Abin da ke kashe baƙo, shi ne motar ɗan gari.

Kuma su ma, duk ƙwarewarsu, idan suka iso gaɓa ba sa faɗawa nan take. Sai su zauna su yi ta kallon ruwan, su ga inda yake fashewa yau, su ƙirga tazarar manyan igiyoyi, su tambayi 'yan wurin. Ni ɗan kawuna ya faɗa mini kyauta, na yi masa dariya.

Namu gulbin yana da wani ƙarin sharri da ya kamata ka sani. Ba sai an yi ruwan sama a garinku zai cika ba. Madatsar Goronyo tana kan Rima, ta Bakolori tana kan gulbin Sakkwato, kuma duk ruwan da aka saki daga cikinsu ta Kebbi yake bi kafin ya faɗa Kwara. Rana tana iya ƙwallewa a Kalgo, ruwa kuma ya ƙaru cikin dare. Ƙarƙashinsa akwai kututture, da tsohuwar raga, da ramukan da masu ɗibar yashi suka bari. A ruwa mai kalar shayi ba ka ganin ko tafin hannunka.

Muna da namu gwanayen

Wani abin da ya ba ni mamaki, wasan nan ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Tun a 1834 wani Baturen Birtaniya, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a Akara ta ƙasar Gana suna kwanciya a kan katako suna bin igiya zuwa gaɓa. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattaro irin waɗannan bayanai a littafinsa na 2018, inda ya nuna mutanen gaɓar Afirka sun fi Turawan wancan zamani iya ruwa. A yau ma ana yi. A Dakar akwai Khadjou Sambe, mace ta farko a Senegal da ta mayar da wasan sana'a. A Legas akwai Tarkwa Bay, wadda sai da jirgin ruwa ake zuwanta, inda katangar duwatsun tashar jiragen ruwa ke rage wa igiya ƙarfi har yara su koya. Daf da ita akwai gaɓar Lighthouse mai fuskantar Atilantika kai-tsaye, can kuma sai wanda ya goge. Idan kana cikin masu mafarkin zuwa Legas ka ɗauki hoto a bakin teku, ka riƙe wannan bambanci.

Wanda ya fara cin zinare a wannan wasa a Olamfik, a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, shi ne Italo Ferreira ɗan Birazil. Ɗan mai sayar da kifi ne, kuma a kan murfin kular da babansa ke zuba kifi ya fara koyo. Da na karanta haka, gora ce ta faɗo mini a rai. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda masunci ke kwanciya a kan ƙatuwar gora, homa a hannu, yana yawo a Matan Fada kamar a tsakar gidansu. Gorar ita ce jirginsa, ita ce rigar cetonsa, ita ce ma'ajiyar kifinsa. Bikin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, yana da ɓangaren da ake kira Kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. A 2016 UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gado na duniya. Kuma ko a can, da dubban gwanaye jere a gaɓa, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. Akwai Sarkin Ruwa, akwai tsari.

Abin haushin shi ne mu 'yan boko muna yi wa wannan ilimi kallon ƙauyanci. Za mu ƙona data mu kalli Bajamushe a Fotugal, amma Basarken da ke iya karanta gulbi da ido, wanda ke bayan gidan kawunmu, ba mu taɓa zama mun tambaye shi komai ba. Ni na kusa biyan kuɗin wannan raini da raina.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa a guji ruwa. Wannan tarbiyyar ce ma ta kawo mu nan. An rene mu da "kada ka je gulbi", da labarin 'yan ruwa masu jan ƙafa, amma ba wanda ya koya mana yadda ake kwanciya a kan ruwa. Yaro kuwa sai ya je, sai dai a ɓoye. Ke kuma 'yar'uwa, ke ce aka fi zalunta, don ko kududdufin ba ki samu ba, alhali idan za a ƙetare ruwa zuwa kasuwa ko biki, jirgi ɗaya za a zuba ku da kowa. Ba mu manta da 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya nutse da mutum sama da 150, waɗanda aka fitar da rai kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, yawancinsu yara da matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, daidai lokacin da daminarmu ke kankama. Ka taɓa ganin wani cikin masu barkwancinmu na TikTok ya ambace ta?

Idan ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa don nuna jarumta. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, zai hau kanka, a yi jana'iza biyu. Shi ya sa Baba ya miƙo sanda. Ka jefa masa jarkar da ba komai a ciki kuma an rufe bakinta, ko gora, ko igiya, ka kira masu jirgi. Idan kai ne ruwan ya ja, kada ka nufi inda ka fito. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ka bar shi ya tafi da kai kana karkata a hankali zuwa gaɓa. Faɗin wannan a rubuce abu ne mai sauƙi. Yin sa lokacin da ruwa ke shiga hancinka sai wanda ya gwada sau da yawa a wuri mara zurfi, a gaban wanda ya iya. Hutun da ya wuce na koma ƙauyen da rani, ruwa ya ja baya, na roƙi Baba ya koya mini. Kwana uku na yi ina kifewa daga kan gora, jikokinsa 'yan shekara bakwai suna ta yi mini dariya.

Bidiyon ranar nan yana nan a wayata, ban taɓa ɗora shi ba. Daƙiƙa goma sha huɗu ne. Ɗan kawuna bai daina ɗauka ba sai da ya ga Baba ya juya jirgi, kuma ban ga laifinsa ba, don na kalla ya fi sau hamsin. Babu ihu a ciki, babu ɗaga hannu. Kai ne kawai yake ɓullowa yana komawa a kan ruwa mai santsi, ana jin muryar wani yaro daga gefe yana cewa ɗan birnin nan ya iya ruwa.